Akwatin da Kawu Ya Bari a Buɗe

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a Gusau wata Talata da hantsi, a zaune kan kujerarsa cikin zaure, ƙarfen narka dalma na gefensa bai ko huce ba. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi. Sai dai tun da aka shimfiɗa tabarmin makoki na rasa gane wanda za a tuna ɗin, domin mutum ɗaya muka kai makwanci, amma masu gaisuwa kowa da nasa mamacin ya zo.

Ladanin unguwa ya ce bai taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba, lasifikar masallaci ba ta taɓa kwana da ciwo ba muddin yana gari. Bai rufe baki ba wani direba da ke kusa da shi ya ce Allah ya jiƙan Malam, amma taurin kai kam yau an binne shi, don ya taɓa korar sa da rediyo a hannu saboda kawai ya fara kai ta wurin wani. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka shafa fatiha. Can sai ga mutum biyu daga Sabon Gari, da kwat da wando, suka tuɓe takalma suka rasa yadda za su naɗe ƙafa a tabarma. Da Hausarsu mai kyau suka ce daga coci suke, kuma marigayi ne ya raya musu akwatin jitarsu bayan kowa ya ce su jefar. Wai ƙin taɓa shi ya yi sai da suka turo janaretansu a amalanke har ƙofar zaure, ya ce ba zai daidaita akwati da wutar da ba ita zai ci ba. Dattawa suka kalli juna. Da labarin ya shiga cikin gida, mahaifiyata ta aiko a kira ni, ta ce, "Wai mi yah haɗa Yaya da jita?" Nono ɗaya suka sha, amma ita a mai gyaran rediyo kawai ta san shi.

A maƙabarta, bayan an rufe shi, liman ya tambaya wa zai tsaya wa mamaci. Babban ɗansa, taubashina, kuka ya ci ƙarfinsa, sai na ji bakina ya ce duk mai ajiya ko amana a hannun Kawu ya neme ni, na ɗauke masa. Ni malamin dabbobi ne a Bungudu. Abin da na hango 'yan rediyoyi ne da fanka, a kira masu su a miƙa musu, shi ke nan.

Kafin mu dawo, mata sun yi abin da ake yi a kowane gidan rasuwa. Zauren Kawu shi ne shagonsa, kuma nan maza za su zauna, don haka aka share shi tas. Aka jera rediyoyi jikin bango, aka naɗe wayoyi, aka fitar da teburi. Duk ƙananan tarkacen da ke kansa, na cikin gwangwanin madara da na murfin kwalba da waɗanda ya ware gefe guda, aka juye su cikin babban kwano ɗaya aka rufe da faifai, don kada ko ɗaya ya ɓata. Da kyakkyawar niyya aka yi. Ni ma da na shigo sai da na yaba, don ban taɓa ganin daɓen zauren nan ba sai ranar.

Ranar sadakar uku abokinsa ya iso daga Tsafe. Dogon tsoho ne, mun taso muna ce masa Baba mai jita, tun zamanin da yake bi da 'yan kiɗa gidajen biki daga Gusau har Kwatarkwashi. Labari bai same shi da wuri ba. Bai yi kuka ba, bai kuma tsawaita addu'a ba, ya dai zauna yana kallon inda teburi yake a da. Da mutane suka ragu ya juyo gare ni.

"An ce kai kad ɗauki amana."

Na ce ni ne, Baba. Sai da na maimaita da ƙarfi, na ɗauka hayaniyar waje ce ta hana shi ji.

Ya nuna kusurwa da haɓa. "Ga tawa can."

Baƙin akwati ne, fatar jikinsa duk ta ɗaye, an kwance bayansa, kayan cikinsa a fili. Taubashina, wanda ke gyaran wayar hannu a kasuwa, ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce mahaifinsa ya cire rizistan manyan bawul bai mayar da wani ba. Na ce to ina wanda ya cire, ina kuma wanda zai sa? Ya juya ya kalli kwanon nan, ni ma na kalla.

Dole in tsaya in yi bayani, ni da ban gama ganewa ba. Bawul kwalba ce ta gilashi, tsawon yatsa ko fiye, da wasu ƙarafa a ciki. Da su tsofaffin rediyo ke aiki, haka ma tsofaffin na'urorin ƙara sautin jita, waɗanda Kawu bai taɓa kira da wani suna ba sai akwati. A ƙarƙashin manyan bawul guda biyu akwai wani ɗan abu kamar guntun alli mai ƙafafun waya, shi ne rizista. Shi ke ƙayyade yawan wutar da bawul za su sha suna zaune, tun ba a taɓa jita ba. In lambarsa ƙarama ce, su sha da yawa, su yi zafi, murya ta cika ta yi kauri, ko yaya ka taɓa tsirkiya sai ta amsa, amma kwalaben ba sa daɗewa. In lambar babba ce, su sha kaɗan, su yi sanyi, murya ta sirance, kwalabe kuma su yi tsawon rai. Bawul biyun da ke cikin akwatin Baba su ne na ƙarshe irinsu da Kawu ya iya samowa, kowa a gidan ya sha jin wannan. In muka sa abin da bai dace ba suka ƙone, gawar amana zan mayar wa mutum, bayan da bakina na ce na ɗauke wa Kawu nauyinta.

Baba ya ce zai dawo bayan sadakar bakwai, ya tashi don ya bi hanya da sauran rana, tunda hanyar Tsafe yanzu ba a yi mata yamma. Ya bar ni da kwano.

A kwanakin nan na yi ta tuno Kawu, ba don begensa kaɗai ba, har da neman ko ya taɓa faɗin wani abu da zai fisshe ni. Gajere ne, mai ƙaramar murya, hularsa kullum a ƙeya. In zai sa hannu cikin akwati sai ya soke ɗaya hannun a aljihu, ya ce akwati na riƙe wuta ko an zare shi daga bango, kuma wuta ba ta san wanda ya rene ta ba. Bai taɓa sayen sabon rizista ba. Matattun rediyo yake farkewa ya ciro, shi ya sa duk na cikin kwanon da tsohuwar dalma a ƙafafunsu, ba ka bambance wanda aka cire jiya da wanda aka cire tun ina firamare. Lambobin jikinsu ma yawanci sun goge. Shi ya san su ne da inda ya ajiye kowanne.

Kafin ya taɓa kowane akwati yana da tambaya ɗaya: "Ina za ka kai shi ya yi kuka?" In ka ce cikin gari, ya ce wutar Gusau ragguwa ta, ya sa ƙaramin rizista don bawul su samu abin sha. In ka ce ƙauye za ka, a kan janareta, ya sa babba, ya ce inji ba shi da kunya, abin da duk ya ga dama shi yake turowa. In ka ce ba ka sani ba tukuna, ya ce ɗauki kayanka, in ka sani ka dawo. Mutane da yawa sun tafi da fushi a kan wannan, suka ce wulaƙanci ne.

Sau ɗaya na nemi ya koya mini, lokacin na riga na fara aiki, na zo hutun ƙarshen mako. Ya ɗora bakin mitar auna wuta a ƙafar bawul inda babbar wuta ke shiga, allura ta hau sama. Na ce to ga zafi nan. Ya ce sanyi ke nan. Ya sauya rizista ya sa ƙarami, allura ta ɗan sauko, na ce yanzu ya huce. Ya ce yanzu ya ɗau zafi. Na ce Kawu, ko dai mitar ce a juye?

"Kai da ka shayar da shanu," in ji shi, "in garke yat taru bakin rijiya ana ta ja, ruwa hawa shikai ko sauka?"

Na ce sauka.

"To. In kag ga wuta ta tsaya cike, ba a sha na. In ta sauka, ana sha."

Na ji daɗi, na ce yau na kama. Sai ya mayar da bakin mitar ƙasa, kan rizistan kansa, ya nuna mini nan ma allura ta sauko, alhali ya ce wutar da ke ratsa shi ta ƙaru. Na ce to nan kuma wa ke sha? Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in shiga ciki in duba akuyar Inna, matarsa, tun jiya ba ta tuƙa. Iyakar karatuna ke nan a wurinsa.

Yana da alheri irin wanda ba ya so a gani. Akwai wata tsohuwa makauniya a Magami da ake kawo masa rediyonta. Da ta mutu murus, ta ƙi gyaruwa, bai aika mata da wannan labari ba. Ya farke tasa rediyon da yake jin labarai da ita, ya kwashe kayan cikinta ya zuba a cikin gangar jikin tata, don hannunta ya saba da inda kowane maɓalli yake. Inna ce ta ba ni labarin, ta ce wata guda yana zuwa maƙwabta jin labaran duniya yana cewa tasa tana hutawa. Tsohuwar kuma ta aiko da kuka da daddawa, da saƙon cewa a faɗa wa mai gyara rediyonta ta dawo da muryar wani.

Amma in ana maganar Kawu aka bar rigimarsa da Baba mai jita, ba a faɗi komai ba. Tun kafin a haife ni suke abu ɗaya. Baba na son zafi. Ya ce jita in ba ta yi gurnani ba gara ya ɗauki gurmi. Kawu na son sanyi, ya ce bawul ba a gona ake shuka su ba. Baba ya kawo akwati ya ce a rage rizista, Kawu ya karɓa ya ce to, ya buɗe, ya goge ƙura, ya mayar da babba. Baba ya jona jita ya buga, ya ce wannan ai kukan sauro ne. Kawu ya ce sauron da zai kai baɗi. Su ci goro ɗaya, su yi sallah sahu ɗaya, su rabu kowa na cewa ba ya ƙara taka wurin ɗan'uwansa.

Sau ɗaya abin ya yi tsanani. An yi wani biki a Bungudu, da la'asar, a kan janareta. Baba ya faki ido ya kai akwatin wurin wani mai gyara, aka sa masa ɗan ƙaramin rizista yadda yake so. Tsofaffin garinmu har yau in an tuna bikin sai su ce ba su taɓa jin kiɗa irin na ranar ba, wai har masu tallar gyaɗa sun ajiye farantai. Ana tsakiyar haka murya ta shaƙe, wari ya tashi, bawul biyu suka tafi. Kawu ya yi damina guda ba ya amsa sallamarsa. Da kaka ta yi, ba tare da ya faɗa wa kowa ba, ya hau mota ya yi kwanaki yana bin tsofaffin shaguna a Kano, ya dawo da bawul biyu naɗe cikin hula. Ya aika aka kawo akwatin, ya kafa su, ya ce, "Waɗanga su na na ƙarshe. In kak kashe su, ka koyi kalangu." Na ji labarin nan daga bakin kowannensu. A bakin Kawu labarin wauta ne. A bakin Baba kuwa, ranar ce kaɗai aka bar jitarsa ta faɗi abin da ke cikinta, kuma bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Daga baya kiɗa ya ja baya a garuruwanmu, aka daina kiran Baba biki, abokan kiɗansa suka watse, wasu suka mutu. Duk da haka bai fasa ɗauko akwatin nan daga Tsafe ba, a wannan hanya da mai lafiya ma sai da dalili yake bin ta, ya zo a yi rigimar da aka saba. Na sha tambayar kaina wa yake buga wa.

To wanne Kawu ya yi niyyar sawa a wannan karon? In babban da ya saba ne, me ya sa ya cire shi? Na bi mutane ina tambaya kamar mai cigiyar akuya. Ladan ya ce shi dai ya sha jin marigayi na cewa sanyi shi ne lafiya. Na je Sabon Gari, ɗaya daga cikin mutanen cocin ya ce su kam ƙara musu zafi ya yi a ƙaramin bawul na gaba, don murya ta fi fita, ya rage a manyan. Na dawo da ruɗani biyu maimakon ɗaya. Taubashina ya zube kwanon a tabarma, ya tsince masu kauri waɗanda za su iya aikin, ya auna su da mitarsa ya jera daga ƙarami zuwa babba. Ya duba a wayarsa, ya ce masana na can ƙasashen waje wani ya ce ɗari biyu da hamsin, wani ya ce ɗari uku da talatin, kuma duk da wutar garinsu suke magana, ba wanda ya san janaretan Tsafe.

Na ce, "Kai da ka gaji sana'a, ashe gadon suna ka yi."

Ya ce, "Ni waya nis sani. Kai da kat tashi gaban liman kana rantsuwa, sai ka yi mashi allurar shanu ya tashi."

Muka yi dariya, sannan ya sunkuyar da kai, don dariyar irin ta mahaifinsa ce ta fito masa. Ni kuwa tsoro nake ji sosai, ba na ɓoyewa. Ko abinci na zauna ci sai in ga kwalaben nan biyu.

Har wurin liman na je. Ya ce amana ana mayar da ita yadda aka karɓe ta. Ya tambaya, da aka kawo akwatin yana magana? Na ce yana yi. Ya ce to ya koma yana magana. Na ce Malam, da wace murya, mai kaurin ko siririyar? Ya ja carbi, sannan ya ce wannan kam bai ci karo da ita a littafi ba, in je in yi abin da ya fi kusa da nufin mamaci da yardar mai kaya. Ban iya ce masa ai nufin mamaci da yardar mai kaya ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba.

Baba ya dawo da hantsi, jitarsa cikin buhu. Babu wutar gari, sai taubashina ya kawo ƙaramin janaretan shagonsa, Baba ya ce irinsa ne maƙwabcinsa ke da shi, wanda yake ja masa waya. Muka yi shawara a gwada ƙarami tukuna na ɗan lokaci, tunda shi mai kaya ke so, ido na kan kwalabe. Muka rufe ƙofar zaure, muka rataya riga a taga, yadda Kawu ke yi in yana son ganin cikin gilashi da kyau.

Taubashina ya kafa rizistan, ya soke hannu ɗaya a aljihu, ya kunna. Aka jira bawul suka ɗumama. Baba ya rungume jita ya rufe ido ya buga.

Ban san haka abin yake ba. Muryar ta cika zauren har na ji ta a ƙirjina, mai kauri, da ɗan gurnani a ƙarshenta, maganar mata a cikin gida ta ɗauke ɗif. A ran nan na fahimci abin da tsohon nan ya yi rayuwarsa yana roƙo, har na ji haushin Kawu kaɗan. Sai taubashina ya taɓa ni ya nuna mita, lamba ta sauka ƙasa da inda take so ta tsaya. Ya nuna kwalba. Ƙarfen cikinta ya fara ja a gefe ɗaya, kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Ya kai hannu ya kashe.

Murya ta shanye ta ɓace. Baba bai tsaya ba. Idonsa a rufe, kansa na kaɗawa, yatsunsa na ta tafiya a kan tsirkiya, ba abin da ke fita sai ɗan ƙyas-ƙyas na waya. Muka tsaya muna kallonsa. Ya kai ƙarshen waƙarsa, ya buɗe ido, ya ga fuskokinmu, ya ga fitilar akwati a mace. Ya daɗe yana kallonta.

"Tun yaushe kunka kashe?"

Taubashina ya ce an ɗan jima, Baba.

Ya kwantar da jitar a cinya. Ya ce kunnensa ya daɗe da tafiya, magana ma rabi a baki yake karanta ta. "Shi ya sani. Ba wanda yas sani sai shi. In na buga, huskatai nika kallo. In ya ɗaure ta, in san akwati na lahiya, in ce kukan sauro na, ya ce sauron da za ya kai baɗi. Shi ke nan na ji kiɗana."

A nan ne Inna ta yi gyaran murya daga bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. Tana takaba, ba ta fito ba, kuma ni ban taɓa tunanin in tambaye ta ba, don ban san tana shiga sha'anin zaure ba. Ta gaishe da Baba, ta kira ni ta ce in faɗa masa da ƙarfi yadda zai ji. Ta ce safiyar ranar, da ta kawo wa Malam kunu, ta tarar ya buɗe akwatin, ya ce mata, "Yau dai bari in ba mutumin Tsahe zahinai. Ina ta ɓoyon kwalabe, wa nika ɓoye ma? Ni da shi duk mun kusa. Ko bai ji da kunne ba, ya ji a ƙirji."

Na matsa kusa da kunnen Baba na maimaita, kalma bayan kalma. Raina ya yi sanyi, na ce alhamdulillahi, ga nufin mamaci ga yardar mai kaya sun haɗu, sai a nemi ƙarami wanda bai kai wannan tsanani ba a kafa, kowa ya huta.

Baba ya ɓata rai kamar an zage shi.

"Tun muna samari nika roƙo nai. Sai da yag ga za shi tahiya?" Ya juya ga taubashina. "Ɗana, ɗebe wanga. Sa mani babban."

Na ce Baba, ko ba ka ji ba ne, ai ya yarda.

"Na ji. Shi yay yarda. To in sun ƙone, wa za ni kai ma?"

Na kalli taubashina, shi ma ni yake kallo. Mamaci ya koma bayan mai kaya, mai kaya ya koma bayan mamaci, ni da na ɗauki amana ina tsaye a tsakiya ban san wanda zan bi ba. Daga bayan ƙofa na ji sautin Inna tana jan hanci.

Taubashina ya jira kwalabe suka huce, ya sauke wutar da akwatin ya riƙe, ya narka dalma ya cire ƙaramin, ya ɗauko babba daga ƙarshen layi ya kafa. Ya kunna. Lamba ta hau ta tsaya cak, ƙarfen cikin gilashi ya zauna baƙi abinsa. Baba ya buga, wannan karon idonsa a buɗe, yana kallon fuskata.

"Ƙaƙa kaj ji?"

Na so in yi masa kara in ce da daɗi. Amma ya riga ya ga fuskar, kuma ba a yi wa mai amana ƙarya ranar mayar masa da ita. Na sunkuya na ce, "Siririya ce, Baba. Kamar mai mura. Ba ta kama ƙafar ta ɗazu ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To ita ta. Haka shika ba ni ita kullum, in tahi ina zagi nai har Tsahe." Ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji. "Ku shaida, na amshi amanata, ba abin da yar rage wuyanai."

Muka ɗaure bayan akwatin, muka raka shi tasha kafin azahar. Direba ya ce a sa a but, ya ƙi, ya ɗora shi a cinya ya rungume, jitar a tsakanin ƙafafunsa. Har yau ban sani ba ko na cika wa Kawu nufinsa ne ko na saɓa masa a aikinsa na ƙarshe, kuma ba wanda zan tambaya. Da mota ta tashi na ga leɓen Baba na motsi ta gilashi, ban gane ba ko addu'a yake yi ko zagin ne ya fara.

Ya Allah, kai ka san wanne ne. Ka gafarta wa Kawu, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da abokinsa a inda ba a rabuwa. Amin.